Ragon da ke Cikin Hoton Iya

Ni ba a yanka mini ragon suna ba. Gara in faɗa tun da fari, don mai karatu ya san abin da ya sa na yi abin da na yi. Mahaifina ya rasu ina wata bakwai a ciki, shekarar kuma damina ba ta yi kyau ba. Ranar suna aka raba goro, liman ya raɗa mini suna, kawunnaina suka ce rago sai an samu sarari, za a yi daga baya. Har na yi aure ba a samu sararin nan ba. A garinmu kuwa, can ƙasar Katsina, irin wannan ba ya ɓoyuwa. Duk yarinyar da na kayar a faɗa a bakin rijiya, in ta tashi ta kaɗe zaninta, abu ɗaya take jifana da shi: “Je ki can, ke da ko rago ba a yanka wa ba.” Na fi su baki, na fi su ƙarfi, amma wannan maganar ta fi ƙarfina. Sai in ɗauki tuluna in tafi gida ina haɗiyar zuciya.

A ƙarshen shekarun saba'in maigidana ya samu ƙaro karatun aikin gona a garin Greensboro, can ƙasar Amurka. Da ya shekara sai na bi shi, ban daɗe da isowa ba kuma na samu ciki. Mun kama haya a unguwar Glenwood, wani ɗan gidan katako mai baranda, rabi namu rabi na mai gidan. Baturiya ce tsohuwa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse garuruwa. A masaƙa ta ƙare ƙuruciyarta, ƙarar injuna ta cinye mata rabin ji, shi ya sa ko gaisuwa za ta yi sai maƙwabta sun ji. Ni na yi makarantar horon malamai, ina jin Turanci daidai gwargwado, amma nata Turancin jan sa take yi kamar ana jan ƙullun alewa, sai da na yi wata biyu kafin kunnena ya kama. Tun ranar farko na kira ta Iya, don bakina ba zai iya kiran sa'ar kakata da sunanta ba. Ta tambayi ma'anarsa, na faɗa mata, ta ce ya yi.

A ɗakin kwananmu akwai wani hoto a rataye, daidai bangon da alƙibla take. Ba na kyamara ba ne, zane ne da aka buga a takarda mai kauri, launinsa duk ya koɗe, yana cikin gilashi da baƙin katako, ruwa ya taɓa shiga gefe ɗaya ya bar tabo. Kakar Iya ce ta zo da shi daga ƙetaren teku a cikin akwatin aurenta. Ranar da muka tare Malam, wato maigidana, ya nemi a cire shi. Iya ta ce duk abin da ke ɗakin mu yi yadda muke so da shi, ban da wannan, don a ƙarƙashinsa ta yi jegon 'ya'yanta uku. Aka yi sulhu. Muka mayar da shi bangon baya, in za mu yi salla in yafa masa ɗankwali.

Malam kan fita tun da safe ya hau bas, ni kuwa ga laulayi ga kaɗaici, ba abokin hira sai hoton nan. Na san haihuwar Annabi Isa aka zana, Malam ya faɗa mini. Mu dai a saninmu a gindin dabino Nana Maryam ta haihu, ba a garke ba, amma na ce mai zanen bai je makarantar allo ba, a yi masa uzuri. Sauran kuwa ban tambayi kowa ba, don a ganina ba abin tambaya. Ranar suna ce ƙarara.

Ga mai jego a durƙushe, yadda matanmu ke haihuwa, ta lulluɓa da shuɗin mayafi. Abin da kawai ban so ba shi ne yadda ta ƙura wa jaririn ido a gaban baƙi, ɗan fari kuma, ko 'yar kunyar nan babu. Ga wani dattijo mai gemu can baya, ya kare fitila da tafin hannu ya kau da kai, na ce wannan kawunta ne, kuma ɗan gidan mutunci ne. Ga 'yan barka uku da manyan riguna, ɗaya daga cikinsu baƙi ne irin mutanenmu, shi ne ya riƙo mazubin turare. Na ce ai dama, namu ne ya san abin da ɗakin mai jego ke bukata. Sa da jaki sun leƙo ta wani rusasshen bango. A gaba kuma, dab da ƙafar jaririn, wani makiyayi ya durƙusa ya ajiye ɗan rago fari, an haɗa ƙafafunsa huɗu an ɗaure. Wannan ko yaro aka nuna wa ya san ragon suna ne.

Wallahi ragon nan ya kwantar mini da hankali fiye da duk alluran asibiti. Shi ya sa da cikina ya shiga wata bakwai Malam ya ce ya kamata mu fara cigiya, don shi tunda ya zo garin nan bai taɓa ganin tunkiya mai rai a kan titi ba, sai na yi dariya.

Na ce, “Haba Malam! Mutanen da suka zana ragon suna suka rataye a ɗakin kwana, su ne ba su da kasuwar raguna? Ka bar mini wannan. Ina sauka Iya za ta nuna mana wurin.”

Ya dube ni, ya dubi hoton, ya ce, “Kin tabbata?”

Na ce, “Ka taɓa jin na faɗi abin da ban tabbatar ba?”

Ga jarrabawa a gabansa, ga aikin gwaje-gwajen ƙasa da ke hana shi cin abincin rana. Ya samu wanda ya ɗauke masa kaya ɗaya, sai ya sakar mini.

Ranar wata Asabar da safe na haihu, cikin watan Disamba, ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti. Namiji. Ba zan faɗi sunansa ba, ɗan fari ne. A asibiti wata nas ta yi ta zarya da takarda tana neman sunan, ina ce mata sai Asabar mai zuwa, tana dubana kamar na ce ban san uban ba. Litinin aka sallamo mu.

Ba uwa ba goggo, ni na ɗora ruwan wankana da kaina. Na cika duk tukwanenmu, tururi ya rufe tagogi har ya bi ta ƙasan ƙofa. Sai ga Iya a guje, ta ɗauka gobara ce. Ta same ni a ɗakin wanka ina tsoma tawul a tafasasshen ruwa ina gasa jikina, tunda ba ganyen darbejiya. Ta yi ihu ta ce zan dafa kaina. Na ce haka uwata ta yi, haka uwar uwata ta yi, ga ni kuma a tsaye. Ta tsaya ta dubi yadda nake fama da nauyin tukunya, sai ta fita. Jim kaɗan ta dawo da wata ƙatuwar tukunya da take dafa tumatirin ajiya a ciki. Daga ranar, safe da yamma, ita ke tafasa ruwa ta juye mini, ta riƙe jaririn har in gama, tana mitar cewa ita dai ba ta yarda da wannan abu ba.

Talata bayan wankan safe na sauko da hoton na ajiye a kan gado, na sa yatsa a kan ragon.

Na ce, “Iya, a ina kuke sayen wannan? Asabar ne sunan.”

Ta ce, “Sayen me?”

Na ce, “Ragon da kuke yankawa ranar da za a sa wa jariri suna.”

Ta gyara tabaraunta ta ce, “'Yar nan, mu ba ma yanka komai. Coci muke kai yaro a zuba masa ruwa a ka, a dawo a ci kek.”

Na sake danna yatsa a kan ragon. Na ce to wannan fa da aka ɗaure?

Iya ta zauna a bakin gado ta ɗora hoton a cinyarta. Ta ce kakarta ta koya mata karanta shi tun tana ƙarama, don ba abin da aka zana a banza a cikinsa. Ta ce in duba inda hasken ɗakin ke fitowa. Na duba, sai a ranar na lura ba daga fitilar dattijon yake ba, daga jikin jaririn yake, shi ya sa dattijon ya kare tasa fitilar. Dattijon ma a wurinsu mijinta ne, ba kawu ba. Durƙuson uwar ba na naƙuda ba ne, na girmamawa ne. Shuɗin mayafin alamar sama ne, wani farin fure da ke tsaye cikin tulu, wanda na ɗauka kwalliyar ɗaki ce, yana nufin ba namijin da ya taɓa ta. Wannan kam na ce mu ma mun yarda. Bangon da ya rushe tsohuwar duniya ce da ta ƙare. Sa yana tsaye ne a madadin mutanen da suka gaji littafi tun da, jaki kuwa a madadin baƙi na nesa. “Irina da irinki,” in ji ta, ta yi dariya. Ni dariya ba ta zo mini ba.

'Yan barkar nan uku ashe sarakuna ne daga sassan duniya, tsoho da magidanci da saurayi, don a nuna kowa da kowa ya zo. Turaren na ibada ne. Na ukunsu kuma abin da ya riƙo a 'yar kwalba wani ƙaro ne da ake shafa wa gawa.

Na ce, “Subhanallahi! Wa ke zuwa barka da kayan gawa?”

Ta ce, “Ai zancen ke nan. Tun ranar haihuwarsa hoton ke faɗa miki zai mutu.” Ta ɗora yatsa inda nawa ya tashi. “Ragon nan ba don shi aka kawo ba. Ragon shi ne shi. A addininmu shi ne abin da aka fi so, kuma shi aka bayar.”

Na faɗa mata cewa mu a wurinmu ba a kashe shi ba, Allah ya ɗauke shi. Ta ce ta taɓa jin haka. Ba ta ja ba, ni ma ban ja ba. Gaskiya ma ba wannan ne a gabana ba. Wata tara ina kallon takardar nan ina karanta garinmu a cikinta, ga shi saura kwana huɗu suna ba rago, kuma ni na hana a nema.

Da Malam ya dawo na faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba. Na ce na yi kuskure, kuma babba. Ban saba faɗin haka ba, shi ma bai saba ji ba, don haka kawai ya ɗauki waya ya kira Alhaji. Alhaji shi ne dattijon 'yan ƙasarmu a garin, ya fi kowa daɗewa, kuma shi ke da mota mai lafiya. Laraba da Alhamis suka yi ta zaga gonaki, har can Pleasant Garden da bayanta. Shanu, aladu, kaji, rumbunan taba. Mutum ɗaya suka samu da akuya, tsohuwa ce mai ɗingishi, Alhaji ya ce wannan ba ta halatta ba ko kyauta ce.

Alhamis da la'asar Malam ya shigo ya zauna ya cire takalmi, ya fara lallaɓa ni. Ya ce a kanti akwai cinyar rago, a saya a dafa wa baƙi. Na ce naman da ban san wanda ya yanka ba, ban san ranar da ya mutu ba, shi ne ragon sunan ɗana? Ya ce to a rubuta wasiƙa gida yayansa ya yanka a can. Na ce wasiƙar da ke sati uku a hanya? Ya ce malamai sun yi sauƙi, in ba a samu ranar bakwai ba akwai sha huɗu, akwai ashirin da ɗaya, a raɗa suna Asabar, rago a yi daga baya.

Ai kuwa kamar ya watsa mini barkono. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na ce, “Daga baya? Ni za ka faɗa wa daga baya? Ni ce daga bayan, ga ni a gabanka! Wallahi yaron nan ba za a kira sunansa ba sai jinin rago ya taɓa ƙasa.”

Bangon katako ba ya riƙe sirri, ko mai rabin ji ta ji wannan. Iya ta ƙwanƙwasa ta shigo, Malam ya fassara mata a taƙaice, ni kuma na ba ta sauran, har da na bakin rijiya. Sai ta ce tana da ƙane a ƙauyen McLeansville mai 'yan tumaki, ta ma kira shi tun Talata ba ta faɗa mana ba, don ya ƙi. Tumakinsa mata ne, duk da ciki. Rago ɗaya ne ɗan shekara, shi kuma an riga an yi alkawarinsa. Cocinsu kan yi rumfa a waje lokacin Kirsimeti, mutane su sa tufafin da, a kawo dabbobi masu rai a tsaya kamar yadda yake a hoton, jama'a su zo kallo. Ragon nan ne zai tsaya kusa da komin da za a kwantar da jaririn.

Na ce, “Gobe da safe ki kai ni.”

Malam ya ce mai jego ta kwana shida ba ta fita. Na ce na sani, ni ma a gidan mutane na tashi, amma zan fita.

Juma'a yana fita jarrabawarsa na naɗe jaririn cikin bargo biyu, na naɗe hoton cikin zani, muka shiga tsohuwar motar Iya. Tuƙinta kamar maganarta, duk da ƙarfi. Muka bar gari, gidaje suka yi nisa da juna, filaye duk sun bushe an girbe. Kowane rami motar ta faɗa sai na cije leɓe.

Ƙanen Iya dogon tsoho ne mai jan wuya, ya fito daga garke cikin wandon aiki mai igiya a kafaɗa. Ya ɗaga mini hula, ya leƙa bargon ya ce Allah ya raya, sannan ya ce ya riga ya ba yayarsa amsa, kuma ba ya saɓa alkawarin coci. Yana cikin magana sai ga ragon ya fito a bayansa, fari, ƙaho bai gama lanƙwasa ba. Ya zo ya tura kai ƙarƙashin hannun tsohon ya kama bakin rigarsa yana tauna. Shi kuma bai ko duba ba, yatsunsa suka shiga sosa masa bayan kunne.

Nan na gane. Ni da na tashi a gidan da mata ke kiwon ragon layya a ƙofar ɗaki, ai ba sai an faɗa mini ba. Na tambaye shi ina uwar ragon. Ya ce ta mutu wurin haihuwarsa, shi ya shayar da shi da kwalba a kicin, a cikin kwali kusa da murhu. Ashe cocin mafaka ce kawai.

Na miƙa wa Iya jaririn, na warware zanin da na naɗe hoton a ciki na jingina shi a kan dami na ciyawa. Ya san shi, shi ma a gabansa ya girma.

Na ce, “Baba, a rumfar cocinku za ku ɗaure masa ƙafafu haka?”

Ya ce a'a, yara ne za su zo su shafa shi.

Na ce, “In an gama ka sa shi a mota ka mayar gida?”

Ya ce sosai.

Na ce, “To makiyayin nan na hoto bai mayar da nasa gida ba. Ni na karanta hoton nan ba daidai ba, Iya ta gyara mini, na kuma gode. Amma abu ɗaya ban kuskure ba, don kiwo na sani. Ba wanda ke haɗa ƙafafun dabba huɗu ya ɗaure in kallo ya kawo ta a yi. Bayarwa ya zo yi. Kuma bai zaɓo gurguwa ba, wanda ya fi so ya ɗauko.”

Jan wuyansa ya hau har kunne. Ya ce, “Ke kin san abin da kike roƙo kuwa?”

Na ce, “Na sani. Uwata takan yi wata goma tana ba rago dusa da hannunta, ranar salla ta shige ɗaki ta rufe ƙofa don kada ta ga an kayar da shi. Ba na ce abu ne mai sauƙi ba. Ni ba addininka na zo in karɓa ba, ba kuma nawa na kawo maka ba. Ga jariri ɗan kwana shida, a ƙasar da ba shi da kaka ba shi da kawu. Gobe za a sa masa suna. Kai kaɗai ne makiyayin da na sani.”

Ya juya ga yayarsa kamar zai nemi ceto. Iya ta gyara wa jaririn bargo, ta ce da muryarta ta masaƙa, “Kada ka dube ni. Ni tun Talata na faɗa maka nawa.”

Ya daɗe a tsaye. Sanyi ya fara shiga ƙashina, amma na ƙi neman wurin zama. Ragon yana ta taunar rigarsa. Daga ƙarshe ya tambayi wa zai yanka, da me, kuma yaya ake yi. Na faɗa masa za a ba shi ruwa ya sha, ba za a wasa wuƙa a gabansa ba, za a ambaci sunan Allah, jan wuƙa ɗaya. Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce sharaɗinsa biyu: a nan gonar za a yi, kada a sa shi a motar da bai sani ba ya tsorata, kuma shi da kansa zai riƙe shi. Ya ɗauki hoton ya kakkaɓe ciyawar da ta manne a katakon, ya miƙo mini, ya koma garke bai yi sallama ba.

Asabar da hantsi muka taru a bayan garken. Alhaji, Malam, ɗalibai 'yan ƙasarmu su shida da matan biyu daga cikinsu. Ba goro, sai dabino da alewa a faranti. Malam ya sa hannu a aljihu zai biya kuɗin ragon, tsohon ya girgiza kai ya ce kada ya soma. Mata suka shiga kicin ɗin gidan da jaririn. A al'ada ba wurin mai jego ba ne wurin yanka, amma na ja kujera na zauna a bakin taga, na goge tururin gilashin da gefen mayafina.

Na ga tsohon ya kawo ruwa a bokiti ya ba shi. Na ga ya durƙusa ya kwantar da shi da kansa, ya fuskantar da shi inda Alhaji ya nuna, ya rufe masa ido da tafin hannu yana yi masa magana a kunne. Malam ya raɗa wa Alhaji sunan. Alhaji ya sunkuya. Sai na ga jini a kan busasshiyar ciyawa, yana tururi saboda sanyi. Maza suka ɗaga hannu aka shafa fatiha, ɗaya daga cikin ɗaliban ya rugo bakin ƙofa ya faɗi sunan da ƙarfi, matan nan biyu suka rangaɗa guɗa har karen gidan ya ɓuya ƙarƙashin tebur. Ni da ban yi kuka a ɗakin haihuwa ba, na kifa kaina a kan tagar nan na yi kuka mai sauti, kukan daɗi, ban ji kunyar kowa ba.

Tsohon bai tsaya fiɗa ba. Ya wanke hannu a famfo ya nufi can ƙarshen gona yana duba shingen da ba abin da ya same shi. Nama ma ya ce kada a ba shi. Na aika masa da godiya ta bakin Malam, na kuma san ba ta isa ba.

Da aka gama fiɗa Alhaji ya zauna rabo, na gida, na baƙi, na sadaka. Na aika aka ce masa kai da ƙafafu a ware mini su daban. Na jera su a babban faranti na ɗauka da kaina na kai gaban Iya, tana tsaye tana yanka kek ɗin da ta toya ta kawo. Ta juyo ta yi ido huɗu da kan rago, harshe a waje. Ta ja da baya har ta bugi kujera, ta dafe ƙirji ta ce me ta yi mini.

Na ce, “Rabonki ne, Iya. A garinmu kowane sashe na ragon suna da mai shi. Ba a ba wa kowa wannan.”

Ta ce, “Wa ake ba wa?”

Na ce, “Matar da ta tafasa wa mai jego ruwa, ta riƙe mata ɗa, ta tsaya mata a wurin uwa.”

Ta dubi farantin, ta dube ni. Karo na farko tun da na san ta, ta yi magana a hankali har sai da na matso. Ta ce ita ko ƙwai ba ta iya ci in ta ga kazar. Sannan ta ajiye wuƙar kek, ta goge hannuwanta a jikin riga, ta karɓi farantin da hannu biyu, ta ce in zo in nuna mata yadda ake babbaka shi.